An ba ni cinikin itacen kariya na daji guda 200: in karɓa ko in bari?

Mai Lambun Bakin Titi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nika nema, kuma a gaya mini gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Waɗanda sunka san ni sun san shekara goma sha ɗaya ina sai da dashe ga bakin titi: mangwaro ɗan aure, gwaiba, lemu, dogonyaro, da 'yan furannin da matan gida ka so. Watan jiya yarana biyu sunka tono mini wata tsohuwar kariya daga wani fako can bayan Kware. Gindinta ya kai randa, hannu biyu ba su zagaye shi, ga fure ja-ja ya lulluɓe ta ko ganye ɗaya babu. Na ɗauki hoto na sa ga Facebook don sha'awa kawai.

Bayan kwana huɗu wani mutum daga ƙasar waje ya aiko mini saƙo. Shina son irin wagga guda 200, kuma ya ce lallai na daji, ba ya son wanda anka rena cikin leda. Shina kuma son tinya 50. Ya ce in kakkaɓe ƙasar saiwa, in cire ganye, in shanya su inuwa mako ɗaya, in naɗe da jarida in sa kwali, in rubuta "kayan ado na itace" bisa kwalin. Ko in kai wa mutuminsa Legas, ko in ƙetara da su Illela zuwa Konni. Naira dubu 15 kowace ɗaya. Ku lissafa da kanku, ni ban taɓa riƙe irin kuɗin ga lokaci ɗaya ba. Mun riga mun tono 23, suna nan jingine bayan rumfa. Sai ɗiyata ta ce Baba ka tambaya tukuna, abin shina kama da wanda hukuma ka kamawa. To ga ni na tambaya.

Ɗan Illela:
Wa alaikumus salam. Yaya, wane dogon tunani kake yi? Abu ne a daji, ko akuya ba ta cinsa, ba gonar kowa ba, ba makabarta ba. Allah ya aiko maka da arziki har gida. In ka tsaya wani zai ɗauka kafin Juma'a.

Hajiya Mai Tukwane:
Ni dai na ga hoton nan tun ranar da ka sa, har na ce wa maigida da ina da wurin ajiye ta da na saya. Ina da tukwane sun haura sittin a gidana a Mabera, kariya goma sha huɗu, kuma biyar daga ciki na daji ne da na saya hannun masu tallar su a kura. Ban ga laifin da na yi ba. A daji wa ke ba su ruwa? A wurina suna samun taki, suna samun kulawa.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Baba Mai Lambu, Allah ya saka wa ɗiyarku da alheri, ta yi tunani mai kyau. Bari in faɗi abin da doka ta ce, sai ku auna.

Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe. An sa mata hannu a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko-farko da suka amince da ita. Tana da jeri uku. Jeri na ɗaya, an hana cinikin na daji kwata-kwata. Jeri na biyu, ana iya fitarwa amma sai da takardar izini daga ƙasar da abin ya fito, bayan masana sun tabbatar cewa ɗibar ba za ta cutar da irin ba. Jeri na uku shi ne wanda wata ƙasa ta nemi sauran ƙasashe su taya ta sa ido.

Kariya, wadda a kimiyyance ake kira Adenium obesum, ba ta cikin jerin. Amma tinya dangin Euphorbia ce mai ajiye ruwa a jiki, kuma waɗannan suna jeri na biyu. Fitar da ita ba tare da izinin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ba fasa-ƙwauri ne. Sannan ko kariyar ma, duk tsiro mai rai da zai bar ƙasa yana buƙatar takardar shaidar lafiya daga hukumar killace kayan gona. Mutumin nan ya san duk wannan. Da bai sani ba, da bai ce ku rubuta kayan ado a kwali ba. Kuma ku lura, sunanku da lambar wayarku ne za su kasance a jikin kwalin, shi yana can ƙasarsu.

Ɗan Illela:
Ƙanwata, takarda a littafi daban, iyaka daban. Ni a bakin iyaka aka haife ni. Me ba ya wucewa?

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Na sani Yaya, abubuwa da yawa suna wucewa. Amma Baba ya tambaya ko halas ne a doka, bai tambaya ko za a iya sulalewa ba.

Tsohon Malamin Daji:
Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Mai Lambu, ƙanena, ni ba zancen kamu zan yi maka ba, don na yi aikin gandun daji sama da shekara talatin kuma na san sau nawa doka ka barci. Zancen madobiya zan yi maka.

Yaran yanzu da yawa ba su san ta ba. Itace ce mai ja ga ciki, in hunturu ya yi sai ta zubar da ganye ta yi fure rawaya, ka hango ta tun daga nesa awa an zuba mata kurkum. Fulani na sassabo ganyenta su ba shanu lokacin da ciyawa ta ƙare, maƙera da masassaƙa na sonta, masu magani na ɗibar ɓawonta. Shekaru aru-aru ana haka ba ta ƙare ba. Sai masu kuɗin ƙasar Sin sunka buƙace ta don kujeru da gadaje na alfarma da suka kira hongmu. Anka fara daga Gambiya da Senegal da Benin, da ta yi ƙaranci can anka faɗo Najeriya: Kogi, Ekiti, Taraba, Adamawa. Na je Taraba ziyarar wani abokin aiki wajen 2015, na tsaya bakin hanya na ƙirga tirela har na gaji na bari. Kowane ƙauye da injin yanka, yara sun bar makaranta sun koma turo gungume. Kuma kowa maganar da Ɗan Illela ya yi ita shika yi: abin daji ne, in ban yanka ba wani zai yanka.

A taron CITES na Johannesburg a 2016 anka sa madobiya jeri na biyu, ya fara aiki farkon 2017. Cikin 2017 ɗin wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta fitar da rahoto cewa gungume kusan miliyan 1.4 daga Najeriya anka halasta da takardun da anka sa wa hannu bayan kayan sun riga sun bar ƙasa. A 2018 anka dakatar da Najeriya daga cinikinta, a 2022 dakatarwar ta game ƙasashen yankin da itacen ka fitowa. A taron Panama na 2022 kuma anka ƙara maɗaci da kawo cikin jeri na biyu. Maɗaci fa, wanda muka zama ƙarƙashinai muna yara.

To ina kuɗin? Je ka ƙauyukan ka gani. An sayi babura, an yi aure, an ƙare. Kututture ya rage. Wanda ya yi kuɗin gaske bai taɓa riƙa gatari ba.

An ce kariya ba ta cikin jeri. Madobiya ma ba ta ciki ranar da tirelar farko ta tashi. Ba a sa abu cikin jerin nan sai ya fara ƙarewa.

Abban Sadik:
Baba, da girmamawa, ina da ja. Ba a kan madobiya ba, wannan ɓarna ce kowa ya gani. Amma ni abin da ke ci mini rai shi ne wa ke kafa dokokin nan, kuma wa suke kamawa. A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwashi ƙwayar itacen roba kusan 70,000 daga Brazil ya kai lambun Kew a Landan. Daga nan aka kai irin Asiya, aka kafa gonakin roba, kasuwar Brazil ta durƙushe. Sarauta aka ba shi daga baya. Lambunansu cike suke da tsirran da aka kwasa daga ƙasashenmu lokacin mulkin mallaka, ba wanda ya nemi izinin kowa. Yau sun tara, sai suka ce talakan Sakkwato kada ya taɓa kariyar bayan garinsu. Mai Lambu na da iyali. Buhun shinkafa nawa ne yau? Wanda ke cewa a bari, shi zai biya kuɗin makarantar yaransa?

Hajiya Mai Tukwane:
Allah ya yi maka albarka Abban Sadik. Kuma a daina ɗora wa masu sha'awa laifi. Akwai wani tsiron hamada, kaktus, mai kama da ƙwallo, mai ƙaya ruwan zinariya, ɗan asalin Meziko. A dajinsa ya kusa ƙarewa, har wani dam da aka gina ya cinye wani sashe na mazauninsa, amma yau yana cikin tukwane a duk duniya, ni ma ina da biyu. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin bado na Ruwanda, mafi ƙanƙanta a duniya, da aka ɗauka ya ɓace daga inda yake fitowa, a lambun Kew aka gano yadda ake rena shi daga iri. Ba don masu ajiyewa ba da sai labari. Gawayi da itacen girki da ake shigowa da su garin nan kullum a mota, su ne ke cinye daji, ba tukwanena ba.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Hajiya, gaskiya ne gawayi ya fi cin daji, ba musu. Amma cin nasu daban ne. Mai gawayi yana yankan abin da ya samu. Mai tara tsirrai yana neman wanda ya fi tsufa, ya fi ƙaranci, kuma ƙarancin ne ke ƙara masa kuɗi. Abu na ƙarewa, farashinsa na hawa, masu tono na ƙaruwa.

Badon Ruwanda da kuka ambata, a 2014 wani ya shiga lambun Kew ɗin ya sace ɗaya daga cikinsu. Ba mai gawayi ba ne ya sace shi.

A Afirka ta Kudu akwai wasu 'yan tsirrai, Conophytum, wasu ba su wuce maɓallin riga ba, suna maƙale a tsakanin duwatsu a yankin Namakwaland. Wani irin a duk duniya a kan tudu ɗaya kawai yake. Daga 2019 da hotunansu suka bazu a intanet, masu saye daga Asiya da Turai suka yi caa, hukumomi sun ƙwace tsirrai sama da miliyan ɗaya da aka tono ba bisa ƙa'ida ba. Mutum ɗaya da buhu zai iya share iri guda daga doron ƙasa a yini ɗaya. Kuma wa ake kamawa? Matasan ƙauye marasa aikin yi da aka aika wa hoto da taswira a waya. A Biyetnam an bayyana wani sabon furen okid, Paphiopedilum canhii, a 2010. Cikin 'yan watanni 'yan kasuwa suka gano wurin suka kwashe kusan duka. Shi ya sa yanzu masana da yawa in sun gano sabon tsiro ba sa rubuta ainihin inda yake. A Italiya a 2020 'yan sanda sun samu kaktus sama da dubu da aka tono daga hamadar Atakama a gidan wani mai tarawa, a 2021 aka mayar da 844 ƙasar Chile. Wani babban nazari na 2015 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na nau'o'in kaktus na fuskantar ƙarewa, kuma tono su don ado na cikin manyan dalilai.

Kaktus ɗinku mai ƙayar zinariya kuwa, Hajiya, daga iri aka rene shi a gandun reno, shi ya sa bai cutar da kowa ba. Matsalar tana ga mai cewa shi lallai sai na daji.

Abban Sadik:
To ai kin ƙarfafa maganata. Talaka ake kamawa.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Shi ya sa ba na son Baba Mai Lambu ya zama shi ne talakan. Kuma maganar Wickham da kuka kawo, ni a ganina hujja ce a kan kada a bayar. Abin da aka yi wa Brazil shi mutumin nan ke son yi, sai dai wannan karon mu za mu tono masa da hannunmu mu naɗe masa a jarida. Saboda irin wannan tarihin ne aka yi yarjejeniyar Nagoya a 2010, cewa ba a ɗaukar albarkatun halittun wata ƙasa sai da yardarta da kuma raba amfani.

Abban Sadik:
Na ji wannan. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini zancen buhun shinkafa.

Manomin Kwalkwalawa:
Ni ba boko gare ni sosai ba, amma ina da abin faɗi kan takardar lafiyar tsiro da yarinyar nan ta ambata. Da ina ganin cin kuɗi ne kawai. Sai 2016 da tsutsar sharon ta faɗa wa tumatir a Arewa. Ka kwanta da gona kore shar, bayan kwana kaɗan ganye ya ƙone kamar an watsa masa wuta, ka fasa tumatir ka ga baƙin rami a ciki. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, ya bi kaya ya shiga Sifen, ya bi ya bi har ya iso fadamarmu. Yanzu ina ganin matan gari na yin odar furanni daga waje ta waya, wasu alhazai na cusa dashe cikin jaka da ƙasarsa a jiki. Ba wanda ya duba abin da ke cikin ƙasar nan. Ku masu tukwane in ƙwaro ya ci furenku kun sayi wani. Mu abincin shekara ne.

Hajiya Mai Tukwane:
Malam, kada ka yi mana kuɗin goro. Ni ban taɓa shigo da komai a ɓoye ba.

Manomin Kwalkwalawa:
Ban kira sunanki ba Hajiya. Amma kin san ana yi.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a yi a hankali, duk muna neman gyara ne. A koma kan tambayar Mai Lambu.

Malam na Runjin Sambo:
Bismillah. Ni zan tsaya inda na sani. Asalin tsiron da ya fito a ƙasar da ba ta kowa ba halas ne ga wanda ya riga, kamar mai yin itace ko mai yankan ciyawa. Amma akwai abubuwa biyu a nan. Na farko, rubuta kayan ado a kan kwalin da ke ɗauke da tsiro mai rai ƙarya ce, kuma cinikin da ba ya tafiya sai da ƙarya, mumini ya tsaya ya dube shi da kyau. Na biyu, shugaba na da ikon keɓe wuri ko hana ɗibar wani abu don maslahar jama'a. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ma ya keɓe wurare. Mu nan mun gaji wannan da sunan hurumi, ba Bature ya kawo mana ba. A Sunan Abu Dawuda akwai hadisi mai tsananin gargaɗi ga wanda ya sare magarya, kuma an fassara shi da magaryar da ke jeji wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, mutum ya sare ta ba da haƙƙi ba. Ɗan Illela, abin da ba na kowa ba, na kowa ne, har da waɗanda ba a haifa ba.

Abban Sadik, tambayarka ta shinkafa tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na raina ta. Sai dai wanda ya bar abu don Allah, Allah na musanya masa.

Ɗan Illela:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi zancen ƙarya a kwali. Amma kariya fa ba inuwa gare ta ba, ba 'ya'ya. Ai ita ake wa karin magana, fure take ba ta 'ya'ya. Kaɗonta ma dafi ne. Wane matafiyi za ta amfana?

Tsohon Malamin Daji:
Ɗana, tana 'ya'ya. Ba kullum ba, shi ya sa mutane sunka ɗauka ba ta yi. Kwanso biyu takan fitar awa ƙahon ɗan akuya, in sun bushe su tsage, iri ya fito da gashi-gashi ga kowane gefe, iska ya ɗauke shi. Cikin ɗari da wuya kaɗan su faɗa inda za su tsira. Wanda ya tsira kuma, ga fako, da damina ta wata uku zuwa huɗu, a hankali shika girma. Wagga da Mai Lambu ya sa hotonta, mai gindi awa randa, ba mamaki ta girme shi. Manyan nan su ne uwaye, su ka zuba iri. In ka kwashe uwaye 200 daga yanki ɗaya ka bar 'yan ƙanana, ka yanke haihuwa.

Amfaninta kuwa, je ka fakon da rani tsaka, lokacin da ba wani abu mai fure ko'ina. Ka tsaya ka ga abin da ka zuwa wurinta na ƙwari da 'yan tsuntsaye. Kuma saiwarta na riƙe ƙasa wurin da ba abin da ka riƙe ta. Mu da gwamnati ka kashe kuɗi tana dasa ganuwar itatuwa don tare hamada, Sakkwato na cikin jihohi 11 na gaba-gaba, sa'annan mu tone wanda Allah ya dasa da kansa ya kuma raya ba da ban ruwa ba?

Ka san abin da anka yi Kenya a 2022? Kukoki takwas manya anka tumɓuke daga Kilifi, za a kai su wani lambun shaƙatawa na wani attajiri a ƙasar Jojiya. An biya masu gonakin kuɗi, sun karɓa don suna da buƙata. Sai da ƙasar ta ɗauki kuka har Shugaba Ruto ya sa baki anka dakatar, daga baya anka sake ba da izini. Kai in an zo da kuɗi an ce a tumɓuke kukar ƙofar gidanku ta Illela a sa jirgin ruwa, ka yarda?

Ɗan Illela:
Kuka daban Baba. Muna cin miyarta.

Tsohon Malamin Daji:
To mai kuɗin bai san miya ba. Girma da tsufa shika saye, ga kuka da kariya duka.

Hajiya Mai Tukwane:
Tun ɗazu na fita tsakar gida na tsaya kan biyar ɗin nan nawa na daji. Gaskiya ba biyar na saya ba, tara ne. Huɗu sun ruɓe a damina ta farko, don an sassare saiwarsu da gatari wajen tono, ruwa ya shiga. Na taɓa gindin ɗaya yatsana ya nutse kamar ruɓaɓɓen kabewa. Lokacin na ɗauka rashin sa'a ne, sai na kira mai kurar na ce ya kawo wasu. Yau ne na fara tunanin ramukan da aka bari can.

Amma ban janye cewa masu sha'awa na da amfani ba. In ba mu ba, wa ya damu da kariya a garin nan har a yi wannan doguwar magana a kanta?

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Haka ne Hajiya, kuma amfanin naku zai iya fin haka. Kariya na tsira daga iri cikin sauƙi in irin sabo ne, sau da yawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kuma wadda aka shuka daga iri ita ke yin ƙaton gindin nan tun tana ƙarama, dashen reshe ba ya yi kamarta. A tukunya da taki da ruwa daidai, girman da take yi a 'yan shekaru ya fi na daji nesa. Ƙasar Tailan ta mayar da renon kariya babbar sana'a, suna yi mata aure suna fitar da launi iri-iri suna sayar wa duniya, alhali ba a ƙasarsu Allah ya halicce ta ba. Mu da take fitowa a bayan gari, da rana da yashi kyauta, mu ne muke tono.

Abban Sadik, ga amsar shinkafa gwargwadon iyawata. Ba za ta kawo miliyan uku a wata ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma wanda ya tono ya sayar sau ɗaya ne. Mai uwaye a lambu yana ɗibar iri duk shekara.

Abban Sadik:
Shekara nawa kafin ya fara ganin kuɗi? Yunwa ba ta jiran iri ya tsira. Ni dai har yanzu ina ganin ana ɗora wa ƙaramin mutum nauyin da manya suka ƙi ɗauka. Amma zancen sunansa a jikin kwali ya tsaya mini a rai. Mai Lambu, ko me za ka yi, kada ka sa hannu a takardar ƙarya.

Mai Lambun Bakin Titi:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka, wasu sau biyu. Daren jiya na rubuta wa mutumin. Na ce ba ni da tinya, ba ni rubuta ƙarya bisa kwali, amma in shina so zan rena mai kariya daga iri ko guda nawa, mu bi ta hukuma da takarda. Ya amsa da layi ɗaya, ya ce na leda ba su da daraja wurin masu sayensa, ya ƙara dubu biyar bisa kowace ɗaya in na tono. Ban amsa ba. Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina kallon wayar.

Na hana yara komawa. Sai dai akwai abin da ya tayar mini da hankali. Ƙaramin ya ce shekaranjiya sun iske wasu samari biyu da babur da diga can wurin, ba su san su ba. Ga rubutun da na yi ƙarƙashin hoton na faɗi sunan ƙauyen da ke kusa.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Baba ku goge rubutun yanzu, da hoton duka. Duk wanda ya tura shi wani zaure a cikinmu shi ma ya goge.

Ɗan Illela:
Kun gani? Abin da na faɗa tun farko. Shi ya bari, wasu sun ɗauka.

Tsohon Malamin Daji:
Shi ya sa ba a tsayawa ga bari kawai. Mai Lambu, ka san hakimin yankin ko mai garin? In mai gari ya ce ba a tono ga fakonsa, ya fi takardar Abuja aiki. Ni zan raka ka, ina da sauran sanayya can tun ina aiki. Mu tafi da safe mu dawo kafin la'asar, ka san yadda hanyoyi suke yanzu.

Su 23 da ke bayan rumfa, kada ka mai da su yanzu, saiwarsu na da rauni, kuma wanda ya gan su zai sake tonewa. Duba kowace ɗaya, inda gatari ya sara ka yanke da wuƙa mai tsabta har ka kai fari, ka barbaɗa toka, ka bar ta inuwa ta bushe. Ka kiyaye kaɗon kada ya taɓa maka ido, ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Sa'annan ka dasa cikin yashi mai yawa, kada ka ba da ruwa sai bayan mako. Waɗanda sunka rayu su zama uwayen lambunka, kada ka sayar ko da Hajiya ta taya.

Hajiya Mai Tukwane:
Ba zan taya ba Baba. Ɗaya daga cikin nawa ma ta fitar da ƙahonnin nan da kuka kwatanta, guda biyu, tsawon yatsa. Da na yi niyyar cirewa don na ɗauka wata cuta ce. Yaya zan yi kada iska ya kwashe irin?

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Kada ku cire Hajiya! Ku naɗe kowane kwanso da zare sako-sako, ko ku sa masa tsohuwar safa ku ɗaure bakin. In ya bushe ya fara tsagewa da kansa sai ku tsinke, ku cire gashin, a shuka da wuri kafin irin ya kwana biyu. Ku turo hoto in ga ko ya kusa.

Mai Lambun Bakin Titi:
Na goge hoton. Baba, Asabar ta yi muku? Zan zo da babur in ɗauke ku bayan sallar asuba. Hajiya, in irin ya nuna ki ajiye mini ko ashirin ne, ina da leda da yashin gulbi. Uku cikin 23 ɗin sun riga sun yi laushi ga gindi, yanzu zan je in duba sauran.